Ragon Uwani da Koren Ruwa

A lungun da ke bayan masu buga bulo a Gyaɗi-Gyaɗi, kafin ka gangara kududdufi, akwai wani gida mai ƙyauren langa-langa wanda tun da hantsi ake jin ƙarar taɓarya daga cikinsa. Gidan Uwani mai surfe ke nan. Mace ce gajera, ƙaƙƙarfa, mai kanta a tafin hannu, mai baki kuma, don ba ta taɓa barin magana ta kwana a cikinta ba. Mutanen lungu suna shakkar bakinta, amma ita suke kai wa geronsu da dawarsu, saboda surfenta ba ya barin dusa, ba ya kuma karya ƙwaya.

Daga wani ƙauye a ƙasar Garko mijinta Shehu ya kawo ta birni, lokacin da unguwar rabi gonaki ce rabi gidajen ƙasa. Shi leburan gini ne. Ya ɗauki yashi da siminti a kansa har ya taya mutane gina rabin Tarauni, sannan ya rasu ya bar mata ɗaki biyu a bakin kududdufi, filin da ba wanda ya so shi, da 'ya'ya mata biyu, Safiya da Hauwa. Da taɓarya ta raine su.

Ladan surfe iri biyu ne: ɗan abin da za a miƙa maka, da dusar da za a bar maka. Da dusar nan, da ruwan tsari, wato ruwan da aka wanke surfaffen hatsi da shi, Uwani take turke rago kowace shekara. Kuma kiwonta kiwo ne, ragon da ya fito daga gidanta ba ya kwana a kasuwa. Sai dai abin haushi, ko ɗaya ba ta taɓa yankawa ba. Bana ciwon Shehu ya cinye, baɗi rufin ɗaki, wata shekara kayan ɗakin Safiya, wata kuma na Hauwa. Ita ke ciyar da rago da hannunta, ranar Sallah wani ya yi layya da shi. Ranar rabon nama sai ta zauna a tabarma tana karɓar ƙullin da maƙwabta suka aiko, tana "an gode, Allah ya maimaita mana," a ranta kuwa kamar ta haɗiyi ƙaya. Ba naman ne ya dame ta ba. So take sau ɗaya a rayuwarta a ce daga gidanta nama ya fita.

Da ta aurar da Hauwa, ta kaɗe zaninta ta ce to, yanzu saura ita. Ta sayi ɗan balami fari tas mai dogayen kunnuwa, ta raɗa masa suna Ɗangata, ta kuma shelanta wa duk lungu cewa wannan ba na sayarwa ba ne, ko Sarkin Pawa ne ya zo da kansa. Na layyarta ne. Tun yana ɗan ƙarami ta gama rabon namansa da baki: cinya gidan liman, haƙarƙari gidan maƙwabciyarta Lami mai yara rututu, kai da ƙafa ita da jikokinta, hanta kuwa da ita za ta karya ranar Sallah kamar yadda ta ga masu layya suna yi.

Wannan ya zo daidai da shekarar da soja suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula. Unguwa ta cika da fastoci, har jikin turken Ɗangata sai da aka liƙa hoton wani. A cikin masu nema akwai Abba, ɗan lungun nan ne, Uwani ta san shi tun yana yawo ba wando. Ya tsaya kansila, ya zo ya durƙusa a ƙofarta.

"Inna, matsalar lungun nan ruwa ce, kuma ta ƙare. Rijiyar burtsatse zan haƙa muku, nan gindin darbejiyar nan."

"Allah ya sa ba romon baka ba ne, Abba."

"Haba Inna, ni ne fa."

Shi ne ɗin kuwa. Ya ci zaɓe, aka zo da ganguna da mawaƙa aka kafa allo a gindin darbejiya, aka ajiye bututu biyu. Bututun suka kwana suka tashi, damina ta wuce a kansu, daga baya wani mai rabo ya sace ɗaya. Famfon bakin titi kuwa dama ya daɗe da zama abin ɗaure akuya.

Da sanyi ya wuce zafi ya kunno kai, Sallah ta matso, sai ruwa ya yi ɓatan dabo. Rijiyoyin lungu suka ƙafe, guga ya koma jawo laka. 'Yan ga-ruwa suka zama sarakuna, suna tura kura suna wuce talaka ko kallo, don gidajen manya na Tarauni sun riga sun kama su tun asuba. Matan da ke kawo wa Uwani surfe suka koma kai hatsi inji, tunda shi ba ya neman ruwan wanki. Babu surfe, babu tsari, babu abin sayen jarka. Ga Ɗangata ya cika ya batse, ƙahonsa ya murɗe, yana shan ruwa kamar wanda aka aiko.

Ruwa ɗaya ya rage a kusa, shi ne na kududdufi. Uwani ta san kududdufin nan tun ana kama tarwaɗa a cikinsa. Amma yanzu gidaje sun kewaye shi, kowace kwata can ta nufa, ga kumfar masu wankin mota, ga kashin kaji da wani mai gidan gona yake juyewa a gefe. A shekarar nan da ruwan ya ja baya sai ya yi kore shar kamar an zuba fenti, iska ta dinga tara kaurin koren a gefen gidanta, yana wari mai hawa kai. Kifaye suka taso ciki sama. Agwagin Lami suka shiga da safe, kafin la'asar an kwashe su a kwando. Yaran da suka yi wanka a ciki suka fito da ƙuraje da jan ido.

Uwani ba mahaukaciya ba ce, ta ga duk wannan. Amma tana da dabararta da ta gada tun daga ƙauye, wadda take alfahari da ita. Ba ta ba dabba ɗanyen ruwan tafki kamar ragwayen mata. Sai ta tafasa, ta tace da farin ƙyalle, ta jefa alam ya kwana, da safe ruwa ya yi garau kana ganin gindin roba.

Ranar da ta fara ɗebowa ta yi kiciɓis da Matiyas a bakin lungu. Malamin dabbobi ne, iyayensa daga Kudu suka zo amma a Kano aka haife shi, yana haya a gidan da ke kallon nata. Shi ya yi wa Ɗangata allura tun yana ƙarami. Ya leƙa bokitin ya tsaya cak da babur ɗinsa.

"Inna Uwani, ina za ki kai wannan?"

"Kasuwa zan kai. Ina zan kai kuwa? Ragona zai sha."

"Don Allah ki zubar. Wannan koren ba gansakukar bakin rijiya ba ce. Wasu ƙananan halittu ne, ido ba ya ganin ɗaya sai sun taru. Kwata da sabulu da kashin kaji ne abincinsu, zafi ya zo ruwa ya ragu, shi ya sa suka yi yawa haka. A jikinsu akwai guba, hanta take kamawa, ta mutum da ta dabba."

"To ai tafasawa zan yi, Dakta. Ka taɓa ganin abin da ya gagari wuta?"

"Wannan ya gagare ta. Tafasawar ma fasa su take yi, gubar ta fito ta bi ruwan. Alam ya kwantar da abin da kike gani, ita kuwa tana nan, ba launi ba wari."

Uwani ta sauke bokiti ta riƙe ƙugu. "Kai yaron nan! A makarantar Islamiyya Malam ya karanta mana, ruwan da ya sauya saboda abin da ya tsiro a cikinsa, irin gansakuka, tsarkinsa yana nan, har alwala ana yi. Kai ka fi Malam ne?"

"Ban fi shi ba, Inna. Shi maganar alwala ya yi, ni maganar hanta nake."

"To me ke cire ta, tunda ka sani?"

"Sai a manyan wuraren tace ruwa, da wani gawayi na musamman da magani a kan ma'auni."

"Gawayi? Ga shi can cike da murhuna."

"Ba irinsa ba ne. A gida maganinta ɗaya, a bar ruwan. Kududdufin kuma ba zai warke ba sai an daina sakar masa kwata."

"Madalla. A bar ruwa. Shi kuma ragon ya sha me, nasiha?"

Matiyas bai yi fushi ba, ya san hali. Ya ce zai riƙa ɗauro mata jarka a babur daga wurin aikinsu. A gabansa ta kifar da bokitin tana mita, don gaskiya maganar agwagin Lami ta tsaya mata a rai. Ya cika alkawari na 'yan kwanaki, sannan aka tura su ƙauyuka rigakafin shanu, ya tafi ba ranar dawowa.

Nan Uwani ta ga ta kanta. Ta yafa mayafi ta tafi neman Abba, aka ce ai ya tashi daga lungu, ya koma Hotoro. Ta bi shi Hotoro a ƙafa, cikin ranar nan mai narka kwalta. Ta tarar da sabon gida, da famfo a tsakar gida wani yana wanke mota da shi, ruwa yana malala har titi. Ta zauna a benci tare da 'yan maula har azahar ta wuce kafin mai gida ya fito yana gyara hula.

"A'a, Inna! Ke ce da kanki?"

"Ni ce, Abba. Rijiyarmu na zo tambaya."

"Tana kan hanya, Inna. Takarda tana sama, sa hannu kawai ake jira. Bayan Sallah da yardar Allah."

"Bayan Sallah? Ƙishirwa ta san bayan Sallah? To ko tanka ɗaya ka aika mana, ko ka hana mai kajin nan zuba ƙazanta a kududdufi."

"Duk za a duba. Kin san gwamnati sai a hankali."

Ya laluba aljihu zai ba ta na mota. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce ba bara ta zo ba, ruwa ta zo nema, ta juya. A hanya tana tafe tana faɗa ita kaɗai, har masu acaɓa suna waiwayenta. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne da ƙafarta ta bi gida-gida ta fito da mata ranar zaɓensa.

Ta dawo ta tarar da Ɗangata ya kifar da robarsa yana lasar gindinta. Ɗan ruwan da ya rage a randa ta juye masa, ita ta haƙura. Washegari ta tari 'yan ga-ruwa har bakin titin Zariya, kowanne ya ce na mutane ne. Ta shiga gidan Lami, ta tarar ita ma da kofi take auna wa yara. Rago kuwa ya kama kuka, irin kukan da ba ya barin mai kiwo ya zauna. Sallah saura 'yan kwanaki, yara har sun fara yawon kallon raguna, kuma duk wanda ya leƙo gidan Uwani sai ya ce babu kamar nata a unguwar.

Ta ɗauki bokiti ta gangara.

A nan ne fa abin takaicin yake, don Uwani ba sakaci ta yi ba, ƙoƙari ta yi. Ta ce tunda Dakta ya ce wuta ɗaya ba ta isa ba, za ta ba shi wuta biyu. Ta ƙona itacen girkinta kaf. Ta tafasa ruwan har ya ƙone ya koma rabi, ta sauke, ta sake mayarwa. Ta tace da sabon ɗankwalinta, ta jefa alam fiye da kullum. Ba ta san duk ruwan da ya tashi a tururi mai kyau ne ya tafi, mugun ya zauna ya ƙara ƙarfi ba. Da safe ta duba, garau, ta ga fuskarta a ciki. Ta dama masa da sauran dusa da ɗan kanwa, ta yi bisimilla ta ajiye. Ɗangata ya shanye har yana kaɗa bindi, ta ƙara masa, da yamma ma ta ƙara.

Washegari ya ƙi harawa. Ya dinga neman inuwa yana cusa kai a lungun bango, jikinsa yana rawa, cikinsa ya ɗaure. Ta ɗaga fatar idonsa ta ga ya yi ɗorawa. Ta ɗura masa manja, ta ɗura masa jiƙon maɗaci, ta yi duk abin da ta sani a shekarun kiwonta. Zawo ya ɓalle masa, baƙi, da jini-jini. Da gari ya waye ya durƙushe, ta ɗaga shi ya koma, ta sake ɗagawa ya sake komawa.

Mai kiwo ya san abin da ake yi a irin wannan lokaci: a kira mai wuƙa kafin dabba ta zama mushe. Ta aika aka kira Bello mahauci. Ta sani sarai yankan da aka yi kafin ranar Idi ba layya ba ne, layyarta ta tafi ke nan. Ta juya baya lokacin da ya sa wuƙa, hawaye yana zuba tana share shi da haushi. Amma ta rarrashi zuciyarta da abu ɗaya: ko ba layya, nama dai zai fita daga gidanta, ya shiga gidajen mutane.

Labarin yanka ba ya ɓuya a lungu. Kafin Bello ya gama fiɗa mata sun cika ƙofar gida da kwanuka, ana ta jaje ana leƙen ƙibar rago. A daidai nan Matiyas ya shigo lungu da ƙurar ƙauye a jikinsa da jarka ɗaure a bayan babur. Ya ga taro, ya ga fata a shimfiɗe, ya kashe babur ya matso.

Bello ya farka ciki, jini ya kwararo daga inda bai kamata ba. Ya ciro hanta. Ta kumbura ta yi baƙi-baƙi, ya ɗan matsa ta da yatsa ta marmashe. Shi kansa da ya tsufa a fawa sai da ya yi salati.

"Kin ba shi, Inna?" in ji Matiyas a hankali.

"Na ba shi. Sau biyu na tafasa."

Ya sunkuyar da kai. "Kayan cikin nan kada kowa ya taɓa. Tsokar kuwa ba zan yi miki ƙarya ba, ba ni da abin auna yawan gubar da ke cikinta. Amma ni ba zan ba 'ya'yana ba."

Nan ƙofar gida ta kaure. Bello ya ce shi dai da ransa ya yanka, ya shure ƙafa kowa ya gani, halal ne. Wata ta ce 'yan boko ba su da aiki sai hana talaka cin nama. Wata ta ce a yar da hantar kawai, a soya sauran ya soyu ƙayau, ai babu abin da wuta ba ta kashewa.

Uwani ta miƙe tsaye.

"Wuta? Ni za ku gaya wa wuta? Itacena kaf na ƙona, ga abin da wuta ta bar mini a ƙasa! Bello, ɗauki fatar, ladanka ne. Sauran a haƙa rami."

"Uwani, rago guda?" in ji Bello.

"Guda. Da kai da ƙafa."

Sai Lami ta matso, da goyo a baya da kwano a hannu. Maƙwabciyarta ce ta shekaru, wadda ta sha aiko mata da ɗan abin da ita ma aka aiko mata. Ta yi ƙasa da murya.

"Yaya Uwani, rabon yarana da nama tun Sallar bara. Ko haƙarƙarin da kika ce nawa ne."

Uwani ta dubi kwanon, ta dubi jaririn da ke leƙowa ta kafaɗar uwarsa. Sannan ta girgiza kai.

"Naki ne, Lami. Shi ya sa ba zan ba ki ba."

Ta tsaya a bakin ƙyaure ta tokare shi da hannu biyu har Bello da Matiyas suka gama haƙa a bayan ɗaki. Ta sa suka ƙara zurfi saboda karnuka. Matan suka fara janyewa suna ƙunƙuni, tana jin su sarai: wai ta gwammace ta ciyar da ƙasa da ta ciyar da mutane, wai dama mai baki ba ya rasa rowa. Ita dai ta ci gaba da tokare ƙyauren.

Lami ce ta ƙarshe. Ta kifa kwanonta a ka ta tafi ba sallama. Tun da Uwani ta zo birni, ranar ce farkon da mutane suka yi layi da kwano a ƙofarta, kuma da bakinta ta sallame su kowa hannu wofi.